Kwamfuta ko PS? Yadda zaka zaɓa in gem ɗin faɗa kake bugawa

Da wuya wata ya fita wani bai tare ni da tambayar nan ba, ko ƙani ko aboki ko wani da muka saba haɗuwa a gidan gem: na ɗan tara kuɗi, kwamfuta zan siya ko PS, wato PlayStation? In nace masa wane gem kake son bugawa sai ya fara jero min God of War, Spider-Man, Ghost of Tsushima, Elden Ring, GTA. Toh kaga duk waɗannan dangi ɗaya ne, irin gem ɗin da kamara ke bin jarumin daga baya, kana ganin ƙeyarsa da kafaɗarsa da takobin da ya rataya, ba kaman Call of Duty ba da bakin bindiga kawai kake gani. Kuma irin waɗannan gem ɗin buƙatarsu daban ce, shiyasa amsar da zan ba mai buga ƙwallo ko mai harbi ba ita zan baka ba.

Bari in faɗa maka ra'ayina tun yanzu dan kar in ja ka da nisa: in dan gem kawai kake so, kuma faɗan takobi da duka da kaucewa ne abinda ke burge ka, PS ya fi maka kwanciyar hankali. In kuma kana da wani aiki da na'urar zata maka, karatu ko zane ko haɗa bidiyo, ko kuma kai mutum ne mai son taɓe-taɓen settin, toh kwamfuta. Amma wallahi tsakanin waɗannan biyun akwai abubuwan da in baka duba su ba zaka yi da-na-sani, kuma yawancinsu ba a cikin na'urar suke ba, a cikin ɗakinka suke.

Abu na farko, ɗauki biro da takarda ka rubuta gem biyar da kasan tabbas zaka buga a wata shida masu zuwa. Biyar kawai, ba waɗanda kaga ana yayi ba, waɗanda kai zuciyarka take kai. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kaga a ina suke da kuma yaushe suka zo. God of War na 2018 sai a Janairun 2022 ya sauka a kwamfuta, Ragnarök ya fito a PS a Nuwamban 2022 amma masu kwamfuta sai Satumban 2024 suka same shi, Ghost of Tsushima kuwa daga 2020 har zuwa Mayun 2024 aka jira. Haka kamfanin Rockstar masu GTA ma suke, GTA V ya fito 2013 kwamfuta ta samu 2015, Red Dead Redemption 2 ya fito Oktoban 2018 kwamfuta sai Nuwamban 2019, kuma GTA VI da aka sanar da shi PS5 da Xbox Series kawai aka ambata. Bloodborne tun 2015 yana PS4 bai taɓa fitowa a kwamfuta a hukumance ba. Toh in kai irin mutanen nan ne da basa iya haƙuri suna gani abokai na hirar gem su basu buga ba, lissafin ya riga ya ƙare. In kuma baka damu ka jira shekara ɗaya zuwa huɗu ba, jiran yana da riba, dan lokacin da gem zai iso kwamfuta yawanci an gyara kurakuransa kuma bayan ɗan lokaci farashi na sauka. Irin su Elden Ring da Sekiro da Resident Evil 4 sabo kuwa rana ɗaya suka fito a duka biyun, babu wanda ya riga wani.

Sai maganar hannu, kuma nan nake so ka tsaya ka natsu dan mutane suna raina ta. Gem ɗin bayan jarumi kusan dukkansu da hannun gem aka ƙera su a rai. Sandar hagu tana tafiyar da mutum, ta dama tana juya kamara, kuma sandar nan tana jin nauyin yatsanka: ka ɗan tura kaɗan ya yi sanɗa, ka ƙara ya yi tafiya, ka danna gaba ɗaya ya ruga. Kibod bai san wannan ba, maɓalli ko an danna shi ko ba'a danna ba, kuma kusurwa takwas kawai yake baka. Ka gwada bin bakin dutse siriri a Elden Ring ko ka zagaya bos, wato babban abokin gaba, kana neman bayansa da kibod zaka gane abinda nake nufi. Inda maus yake da bakin magana shine saiti, in gem ɗin na harbi ne daga kafaɗa kaman Resident Evil 4 ko GTA ko harbin baka a Horizon, maus ya fi sanda saurin kai wa ga kan abokin gaba nesa ba kusa ba. Abin daɗin shine kwamfuta tana karɓar duka biyun, hannun Xbox kana jona shi Windows zata gane shi, na PS4 da na PS5 ma Steam, shagon gem na kwamfuta, yana ɗaukarsu, sai dai abubuwan nan na musamman na hannun PS5, wato taurin da maɓallin baya yake yi in kana jan baka da irin rawar da yake yi a tafin hannu, a kwamfuta yawanci sai ka jona da waya kuma ba kowane gem ke ba da su ba. Dan haka in ka zaɓi kwamfuta ka sa kuɗin hannu mai kyau a cikin lissafinka tun farko, kar ka ce daga baya.

Bayan hannu sai firem, wato hotuna nawa allon ke nuna maka a sakan ɗaya. A gem ɗin da ake tare sara a daidai lokacin da ya sauko, kaman Sekiro, bambancin 30 da 60 ba ado bane, shine bambancin ka tare ko a sare ka. Amma abinda ya fi yawan firem muhimmanci shine ya tsaya cak a wuri ɗaya. Gara 60 da bata motsi, kai gara ma 30 tsayayya, akan 90 da take faɗowa 40 duk lokacin da bos ya watso wuta. A nan PS5 yake samun maki, kusan duk manyan gem suna baka zaɓi biyu, na kyan hoto ko na gudu, ka zaɓi na gudu ka manta da maganar. A kwamfuta kai ne injiniyan kanka, kai zaka rage inuwa, ka kunna DLSS ko FSR masu ƙara yawan firem, ka yi ofdet ɗin direba, wani gem ɗin ma in ka buɗe shi karon farko sai ka zauna jira yana shirya kansa kafin ka fara. Kuma ba kullum kuɗi ke siyan lafiya ba, Batman Arkham Knight da ya fito a kwamfuta a 2015 sai da aka janye shi daga kasuwa saboda matsala, The Last of Us Part I ma a Maris 2023 ya fito da kurakurai masu yawa kafin a bi shi da gyara. Elden Ring kuma ko wace irin kwamfuta gare ka a 60 aka ɗaure shi. Wani ɗan abu da mutane da yawa basu sani ba: in a tibi kake bugawa shiga settin ɗin hoto ka kunna Game Mode, dan tibi tana ɓata lokaci wajen gyara hoto kafin ta nuna, sai ka danna maɓalli jarumin ya makara, ka yi ta zargin hannu alhali laifin tibi ne.

Yanzu mu zo gida, dan duk abinda na faɗa a sama ɗan Amurka ma zai iya faɗa maka, amma shi bai san zafin a ɗauke wuta kana tsakiyar faɗa ba.

Wata rana da daddare a lokacin zafi ina kan PS4 ɗina, na kwashe kusan sati biyu ina fama da wani bos, ranar Allah ya bani sa'a na kayar da shi, hannuna har rawa yake, alamar sebin tana juyawa a ƙasan allo kenan sai ɗif, ɗaki ya yi duhu, fanka ta tsaya. Da wuta ta dawo na kunna sai ya tsaya yana duba ma'ajiyarsa, ya gama, na buɗe gem ɗin yace fayil ɗin ya lalace. Na daɗe zaune a bakin katifa hannun gem na kan cinyata ban ce komai ba. Washegari ban siyi sabon kaset ba, UPS na je na siyo, kuma tun ranar duk wanda ya tambaye ni shawara da shi nake farawa. Ba sai babba ba, wanda zai riƙe maka na'ura da tibi na minti biyar zuwa goma ya isa ka yi sebin ka kashe cikin mutunci. Kuma in wutar unguwarku bata da tabbas ka daina barin PS a yanayin barci, kashe shi gaba ɗaya.

Ka kuma lissafa abinda kowanne ke ci. PS5 in yana cikin gem mai nauyi yana jan wajen wat 200, ka ɗora tibi a kai. Xbox Series S bai kai rabin haka ba, shiyasa masu ƙaramar sola suke sonsa. Kwamfutar tebur kuwa girafik kad, wato abinda ke zana hoton gem, irin RTX 3060 shi kaɗai wat 170 ne, kafin ka sa furosesa da allo da sauran kaya, sai ka ga ka haura 300 cikin sauƙi, manyan kad ɗin kuma ba'a magana. In inbata gare ka ko ƙaramin janareta, je ka duba ƙarfinsa da abinda aka riga aka ɗora masa a gidan kafin ka je kasuwa, kar ka kawo abinda in ka kunna sai an kashe firij, hakan rigima yake jawowa a gida. Laftof a nan tana da wata falala babba, batirinta shine UPS ɗinta, an ɗauke wuta bata mutuwa, sai dai ka sani da zarar ta koma kan batir ƙarfinta yake raguwa firem ya zube kuma cajin baya daɗewa, dan haka dama ce ta yin sebin, ba ta ci gaba da faɗa ba.

Data ma haka. Red Dead Redemption 2 a kwamfuta yana neman gurbin 150GB, Black Myth: Wukong 130GB, God of War Ragnarök har 190GB. A kwamfuta babu kaset, komai sauke shi zaka yi, toh ka tambayi kanka data nawa kake siya a wata kuma sabis ɗin unguwarku zai iya jan wannan kaya ko sai ka kwana uku kana gadi. PS mai cin kaset a nan ya yi wa kowa fintinkau, ka sa faifai ya kwafe, yawancin gem ɗin labari zasu tashi ko baka yi ofdet ba, in ka gama ka ba aboki ya baka nasa, ko ka kai kasuwa ka yi musaya ka cika kuɗi kaɗan. Wannan musayar ita ce take riƙe da yawancinmu, shiyasa nake ce wa mutane dan Allah kar arahar PS5 marar kaset ta ruɗe ku, da ya fito a 2020 dala 399 ne mai kaset kuma 499, amma dala ɗarin nan da kake ganin ka tsira da ita gem biyu zasu cinye ta tunda sabon gem babba dala 70 ne a shagon onlayin. Series S shima baya cin kaset sam, kuma na farkon 512GB ne, gem uku huɗu manya ya cika. Araha bata ado. PS5 na farko 825GB aka rubuta amma abinda zaka samu a hannu bai kai 700 ba, sai dai shi ana iya ƙara masa SSD irin na M.2 daga baya.

A ɓangaren kuɗin gem kuma kwamfuta ce take ramawa. Steam suna yin ragi sosai sau da yawa a shekara, shagon Epic suna raba gem kyauta duk sati, a Mayun 2020 GTA V sukutum suka bayar kyauta, kuma a Steam in ka siyi gem baka buga shi ya kai awa 2 ba kuma bai wuce kwana 14 ba zaka iya mayarwa a dawo maka da kuɗinka, wanda hakan hanya ce mai kyau ta gwada ko kwamfutarka zata ɗauka. Buga onlayin ma a kwamfuta ba sai ka biya kuɗin wata ba, a PS kuwa sai da PS Plus in ba gem ɗin kyauta bane.

Akwai maganar akawun da ya kamata ka sani. Najeriya da Nijar basa cikin ƙasashen da shagon PlayStation yake aiki a hukumance, shiyasa mutanenmu suke buɗe akawun na Amurka ko na Ingila suna loda shi da kati. In zaka yi haka ka tsaya a ƙasa ɗaya, katin Amurka baya shiga akawun ɗin Ingila, kuma ƙarin labarin gem da ake siya daga baya dole yankinsa ya dace da yankin kaset ɗinka, mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a nan. Masu kwamfuta ma abin ya taɓa su, a Mayun 2024 an cire wasu gem ɗin Sony daga Steam a ƙasashe sama da 100 da basu da PSN, wato sabis ɗin akawun na PlayStation, daga baya aka sassauta a wasu, dan haka kafin ka siyi kati buɗe shafin gem ɗin ka tabbatar yana nuna maka maɓallin siya. Sannan masu tallan akawun cike da gem a farashin banza, ka yi nesa da su, ranar da mai shi ya canza lambar sirri shikenan kuɗinka sun tafi. PS4 ɗin da aka yi wa kutse aka loda masa gem kuma baya shiga onlayin, in aka yi masa ofdet kutsen ya tashi, kuma sabbin gem da yawa bazasu hau ba.

Toh a ce ka yanke kwamfuta zaka siya. Abu ɗaya zaka riƙe: girafik kad shine gem, ba furosesa ba. Zaka shiga shago a ce maka ai wannan Core i7 ce, babu gem ɗin da bata ɗauka, alhali i7 ɗin ta shekara goma ce kuma babu kad a ciki sai Intel HD. Kar ka yi musu da kowa, ka ce a kunna maka, ka buɗe Task Manager ka shiga Performance ka karanta sunan GPU, wato kad ɗin, da idonka da kuma yawan memorinsa, gani ya kori ji. Mai 4GB kaman GTX 1650 zai buga maka God of War na 2018 da Sekiro da GTA V lafiya lau in ka rage settin, amma sabbin gem zai sha wuya, Wukong mafi ƙarancin abinda yake nema GTX 1060 mai 6GB ne da RAM 16GB, kuma mafi ƙaranci yana nufin zai tashi ne kawai, ba wai zaka ji daɗinsa ba. Ni dai in zan ba ƙanina shawara yau, kad mai 8GB zuwa sama, RAM 16GB, da SSD, in kuɗin basu kai nan ba gara ya ɗauki PS ko ya ƙara haƙuri. Kuma ka sani kad ɗin laftof bai kai na tebur ƙarfi ba ko da sunansu ɗaya.

In kuɗin sun yi ƙasa sosai kar ka ji kunyar PS4. Tun 2013 yake amma God of War duka biyun, Spider-Man, Ghost of Tsushima, Bloodborne, Sekiro, Elden Ring, Red Dead 2 duk suna kansa, yawanci a firem 30, kaset ɗinsu na hannu sun cika kasuwa, kuma ranar da Allah ya hore maka PS5 mai cin kaset kusan dukkansu zasu hau kai, baka yi asara ba.

Ranar siyayya kuma, ko Beirut Road ka je a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, in na hannu zaka siya kar ka je da gaggawa kuma ka tafi da wanda ya san harkar, da ɗan gari akan ci gari. Ka sa a saka gem mai nauyi, ba ƙwallo ba, ka zauna ka buga aƙalla minti 30. Kana bugawa kana sauraron fanka, in ta fara ihu kaman injin markaɗe ƙura ta cika cikinsa ko man sanyaya ya bushe. Ka sa hannu ta bayansa ka ji iskar da ke fitowa. Ka ɗan taɓa wayar HDMI a hankali kaga ko hoto zai ɗauke, dan ramin nan yana yawan lalacewa. Ka sa kaset ka fitar sau biyu uku. Sai ka ajiye hannun a kan tebur ka cire yatsunka gaba ɗaya ka zuba wa allo ido, in kaga kamara tana juyawa da kanta ko jarumin yana takawa ba wanda ya taɓa shi, sandar ta fara lalacewa, a canza maka wani ko a rage kuɗi. Ka duba kusoshi da tambarin baya ko an taɓa buɗe shi, musamman PS5 dan shi wani ruwan ƙarfe aka sa masa a kan furosesa maimakon man da aka saba, ba kowane mai gyara ya iya da shi ba. Ka gwada shiga akawun ɗinka a gabansu dan ka tabbatar ba'a toshe na'urar daga onlayin ba. In laftof ce, ka lura ko firem yana farawa da kyau sai bayan minti 15 ya fara zubewa, wannan zafi ne ke damunta, kuma in a shago mai iska tana haka toh a ɗakinka cikin watan Afrilu sai abinda ya ƙaru.

In ka kawo gida kar ka ajiye a ƙasa kan kafet ko ka cusa cikin durowar tibi ka rufe, ɗora shi a sama inda iska ke wucewa, a bar masa kaman tafin hannu ta kowane gefe. Lokacin hunturu in ka kashe ya huce sai ka rufe shi da ƙyalle. PS5 na farko in ka cire murfinsa zaka ga wasu ramuka biyu da aka yi musamman dan tara ƙura, duk bayan wata biyu ko uku ka zare wayar wuta ka zuƙe su da injin shara, fankar kuma ka bi ta da busasshen burushi mai laushi kana riƙe da ita da yatsa dan kar ta juya.